Fatar ɗana tana miƙewa kamar roba, ɗinki kuma ba ya kama ta

Wasiƙu biyu na ɗauko a wannan watan, duka a kan fata. Ta farkon sai da na karanta ta sau uku kafin na ɗauki biro, kuma ita za ta cinye mafi yawan filin.

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce a Agege, 'ya'yana uku. Na tsakiyan namiji ne, shekararsa 6. Tun da ya fara tafiya ba mu huta da zuwa asibiti ba. Faɗuwar da yayansa zai yi ya tashi ya kakkaɓe ya ci gaba da wasa, shi in ya yi ta sai fata ta dare kamar an sa wuƙa. Sau huɗu ana yi masa ɗinki, biyu a ƙwauri, ɗaya a goshi, ɗaya a haɓa, kuma sau biyu ɗinkin ya yage tun kafin ranar cirewa. In ya warke sai tabon ya yi faɗi, ya yi baƙi, ya yi siriri yana sheƙi kamar leda. Fatarsa laushi kamar ta jariri, in kika ja ta wuyansa sai ta biyo ki, ki saki ta koma. Yana lanƙwasa yatsunsa baya har yaran layinmu suna ce masa ɗan roba. Ko ina kika duba a jikinsa jini ya kwanta. Akwai wata nas da ta dube ni a gaban mutane ta ce in ji tsoron Allah in daina dukan yaro. Wallahi Likita da kuka na dawo gida ranar. Uwar mijina ta ce laifina ne, don wata takwas na haife shi, faya ta fashe ina ɗibar ruwa. Wasu kuma sun ce auren zumunci ne, don mijina ɗan baffana ne. Wani likita ya rubuta mana "Ehlers-Danlos" a takarda ya ce mu je babban asibiti. Mijina mahauci ne, kullum sai ya kawo ganda da ƙafar saniya don an ce suna ƙara wa fata ƙarfi, wata kuma ta tallata mini garin kolajin mai tsada. In saya? Ina da ciki wata biyar, shi ma haka zai zo? Sannan mahaifinsa yana so da sanyin bana a kai shi gida a yi masa kaciya tare da sa'o'insa.

Uwar yara uku, Agege

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ɗawainiya. Allah ya raba lafiya, ya raya mana yaron nan.

Bari in fara sauke miki kayan da aka ɗora miki. Ɗibar ruwa ba ta jawo wannan ba. Faya, jakar ruwan nan da jariri ke kwance a ciki, daga jikin jaririn ake gina ta, da irin kayan da aka gina fatarsa. In kayan ba su da ƙwari, jakar takan fashe kafin lokaci, shi ya sa da yawa daga yara masu wannan larura bakwaini ake haifarsu. Abin da Inna ta ɗauka shi ne sanadi, alama ce ta farko ta abin da yaron ya zo da shi tun ranar da cikinsa ya shiga. Ki ba maigidan wannan shafin ya karanta mata a tsanake. Son jika da tsoro ne ke sa ta magana. Ita kuwa nas ɗin da ta yi miki haka, ni abin ya sosa mini rai, don a ko ina cikin duniya iyayen irin waɗannan yara suna shan wannan zargin kafin a gano gaskiya, kuma mu ma'aikatan lafiya ne ya kamata mu tambaya kafin mu yanke.

Hukunci na ƙarshe sai an ga yaron ido da ido. Amma fata mai miƙewa ta koma, tabo mai faɗi siriri a goshi da haɓa da ƙwauri, da gaɓoɓi masu lanƙwashewa fiye da ƙima, su ne manyan alamun abin da likitan nan ya rubuta miki, kuma ya kyauta da ya gane. Sunan na likitocin fata biyu ne, Ehlers na ƙasar Denmak wanda ya yi bayanin larurar a 1901, da Danlos na Faransa a 1908. Ki adana takardar nan kamar katin asibiti.

Ni ma 'yar Agege ce, kuma 'yar mahauta. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, a mayankar Oko-Oba ya yi fawarsa. Ina ƙarama nakan kai masa abinci, in tarar da wani tsoho a gindin rumfa yana tufka igiyar ɗaure shanu. Ya miƙe ƙafa, ya tofa yawu a tafi, ya murza rama a kan ƙwaurinsa sili-sili, sannan ya haɗa sili uku ya murɗe su da juna. Sili ɗaya ko yaro zai tsinka shi. Ukun nan in suka murɗu, bijimi ne zai yi ta fizga har ya haƙura. Ranar da aka fara nuna mana hoton kolajin a makarantar likitanci, tsohon nan ne ya faɗo mini a rai.

Kolajin furotin ne, kusan kashi ɗaya cikin uku na duk furotin da ke jikin mutum. Fata hawa biyu ce: na sama siriri mai ɗauke da launi, da na ƙasa mai kauri wanda ke riƙe da komai. Ki tambayi maigidanki. In ya feɗe sa, farin ɓangaren nan mai tauri da wuƙa ke ci da ƙyar shi ne hawan ƙasa, kuma kusan dukansa saƙar kolajin ce. Shi majema ke jiƙawa da bagaruwa, dukawa su yi takalmi da shi a yi ta takawa shekara da shekaru. Shi ne kuma ganda. Farfesun ƙafar da ya kwana ya daskare yana rawa a kwano, kolajin ne da wuta ta warware wa tufka.

A cikin hawan ƙasan nan akwai ƙananan ƙwayoyin halitta da ba su da sana'a sai tufka. Kowane sili da suke yi kamar carbi ne mai 'ya'ya sama da 1,000, 'ya'yan su ake kira amino asid. Duk ɗa na uku a carbin iri ɗaya ne, gilaisin, wanda ya fi kowanne ƙanƙanta. Dole ya zama ƙarami, don shi ke faɗawa tsakiyar murɗin inda babu fili, in aka sa babba a gurbinsa igiyar ta yi ƙulli a nan ta ƙi murɗuwa. Wani masani a Madaras ta Indiya, Ramachandran, shi da abokin aikinsa ne suka fito da siffar wannan murɗi mai sili uku a 1954. Kafin silin su murɗu, sai wasu ma'aikata da muke kira inzayim sun bi su suna maƙala ƙananan ƙugiyoyi a kan iri biyu na 'ya'yan carbin, furolin da laisin, kuma waɗannan ma'aikatan ba sa motsi sai da bitamin C da sinadarin ayon, irin wanda ake ba ki a wajen awo. In an gama murɗi sai a fitar da igiyar waje, wasu inzayim biyu su datse mata baki biyu, kowanne da nasa bakin, kamar yadda tsohon nan ke sa wuƙa ya gyara bakin tasa. Sannan ƙananan igiyoyin su jeru gefe da gefe su zama dami, wani ma'aikacin mai aiki da sinadarin jan ƙarfe ya ɗaɗɗaure su da juna. A nan ƙarfin fata yake.

Kowane mataki a cikin waɗannan yana da umarninsa a rubuce cikin ƙwayoyin gado, kuma kowanne yana iya samun tangarɗa. Shi ya sa sunan ɗaya ne amma larurar iri-iri ce. A rabe-raben da masana suka amince da shi a 2017, iri 13 suka lissafa.

Wanda ya fi kama da na ɗanki shi ne wanda ake kira na asali, ana samunsa a mutum ɗaya cikin 20,000 zuwa 40,000. Kolajin kansa iri 28 aka sani, lamba ake ba su. A fata mai lamba 1 shi ne wajen kashi 80 cikin 100, mai lamba 3 na biye da shi, mai lamba 5 kuwa ɗan kaɗan ne ƙwarai. Amma ɗan kaɗan ɗin nan shi ne sarkin aiki. Shi ke kafa tushen kowane dami ya ƙayyade kaurinsa. Kowane mutum yana da kwafi biyu na umarnin yin sa, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A mafi yawan masu wannan iri, kwafi ɗaya na ƙwayar gadon da ake kira COL5A1 ne ba ya aiki, sai jiki ya riƙa yin kamar rabin abin da ya kamata. Kolajin mai lamba 1 yana nan isasshe, lafiyarsa lau, mai tsara shi ne ya yi ƙaranci. In aka yanki ɗan guntun fata aka duba da madubin lantarki mai ƙarfi, maimakon zaren su fito kai ɗaya, zagaye-zagaye a matse, sai a ga wani ƙato wani siriri, wasu gefensu a tattare kamar kan farin kabeji.

Komawar da fatar ke yi in kin saki kuwa aikin wani zaren ne daban, ilastin, robar fata ke nan, kuma nasa ba abin da ya same shi. Kolajin ne ke ce wa fata tsaya nan, kada ki wuce. Da shi ya yi sako-sako, sai ta wuce, robar ta dawo da ita. Irin wannan saƙar ce a jijiyoyin da ke ɗaure gaɓoɓi, shi ya sa yatsu ke komawa baya. Ita ce kuma ke kewaye da ƙananan hanyoyin jini, shi ya sa ɗan bugu kaɗan jini ya kwanta. Jinin kansa yawanci yana daskarewa daidai, amma ki yarda a yi masa gwajin, don akwai cututtukan jini da ke kawo irin wannan kwanciyar kuma maganinsu daban ne.

To, zancen ganda da garin kolajin. Kada ki sayi garin nan. Duk kolajin da ya shiga ciki, na ganda ne ko na gwangwani mai rubutun Turanci, ciki da hanji sai sun tsinka carbin sun mai da shi 'ya'ya da ƙananan guntaye kafin ya shiga jini. Daga nan jikin yaron zai ɗauki 'ya'yan ya yi tufkarsa da umarnin da yake da shi, sarkin aikin kuma yana nan a rabi kamar jiya. Ramar ba ta yi ƙaranci ba tun farko. Ku ci gandarku don daɗi, amma yaro mai girma ya fi buƙatar tsoka, ƙwai, wake da kifi, tunda mahaifinsa na kusa da nama ma ya riƙa kawo masa tsokar da hanta. Bitamin C kam yana da gurbi na gaske a tufkar. Matuƙan jiragen ruwan Turawa da ke yin watanni a teku ba ɗanyen abu, dasashinsu kan yi ta jini, tsofaffin tabbansu su buɗe, har wani likita ɗan Sikotilan, James Lind, ya gwada musu lemu a 1747 suka warware. Saboda haka lemu, gwaba, tattasai da garin 'ya'yan kuka kada su yanke a gidanki. Wasu likitoci kan ƙara da ƙwayar bitamin ɗin don rage kwanciyar jini. Miƙewar fata da faɗin tabo dai ba ya sauya su. Kuɗin garin can ki ajiye shi don abin da zan faɗa yanzu.

Ina sabuwar likita aka kawo mini wata yarinya 'yar shekara 9 da gwiwa a tsage, bakin ciwon ya wage kamar bakin kifi. Na ɗinke shi da kyau, na matse zaren sosai don ya haɗu, na ce su dawo bayan kwana 10. Suka dawo, na cire zaren kamar yadda littafi ya koya mini. Kafin su kai bakin titi ciwon ya buɗe daga farko har ƙarshe. Sai da babbar likitarmu ta zo, ta ɗaga siket ɗin yarinyar ta nuna mini tsofaffin tabbai a ƙwaurinta, ta kama fatar hannunta ta ja a hankali, sannan ta dube ni ba ta ce komai ba. Har yau ina tuna yadda uwar yarinyar ta riƙe bakin mayafinta tana goge mata jini tana cewa ba komai Likita. Laifin nawa ne, ban duba sauran jikin ba, ciwon kawai na kalla.

Abin da na koya ranar shi zan ba ki. Fatar nan zare yana yanka ta kamar yadda yake yanka dafaffen ƙwai. Dole a ɗinke ta hawa biyu, na ciki da na waje, ɗinkin kusa-kusa, ba tare da an ja bakin ciwon da ƙarfi ba. A bar zaren ya yi ninkin kwanakin da ake bari ga sauran mutane, a kuma manna siraran filasta a gicciye su taya shi riƙo, har bayan an cire. In ciwon a gwiwa yake a hana gwiwar lanƙwasawa na ɗan lokaci. Ki roƙi likitan da zai duba shi ya rubuta wannan a kati da Turanci, ki sa a leda, ɗaya a jakarki ɗaya a jakar makarantarsa. Ranar da ya faɗi, ki danne wurin da tsumma mai tsabta, ki wuce kemis ɗin layi, ki nufi asibitin da ke da likitan tiyata, ki miƙa katin kafin a ɗauko allura. Kina da ikon cewa a dakata a karanta. Allurar kashe zafi ma wasunsu ba ta kama su sosai, in ya ce yana ji a yarda da shi a ƙara. Asfirin kada ya sha, su ibufurofen da daikulofenak sai da izinin likita, don suna ƙara zubar jini. Farasitamol ya isa, kuma ki guji haɗin magungunan nan da ake ƙullawa a leda ba a san abin da ke ciki ba.

Rigakafin ya fi komai arha. Kariyar ƙwauri irin ta 'yan ƙwallo, a sa masa ƙarƙashin doguwar safa, da ta gwiwa, da dogon wando mai kauri. Ki duba gidanki da idon yaro: bakin teburi, ƙarfen gado, murfin kwata da ya karye a ƙofar gida. A danfo ki sa shi a tsakiya nesa da ƙarfen kujera, acaɓa kuwa a rage ta iya yi. Ƙwallon layi da kokawa ba nasa ba ne, amma kada ki kulle shi a ɗaki, don ƙarfin tsoka ne ke maye gurbin jijiyoyin da suka yi sako-sako. Iyo ya fi dacewa da shi in da hali, sai tafiya da atisayen da masu gashin ƙashi za su koya masa. Lanƙwasa yatsu don yara su yi dariya, ki hana shi da lallashi, gaɓoɓin ne za su biya bashin in ya girma. In gaɓa ta goce kada a kai shi wajen maɗori a ja a murza. Sannan mahaifinsa ya taka da ƙafarsa ya je makarantar boko da ta allo, ya zauna da malamai ya ce musu yaron nan ba a sa masa bulala, ya nuna musu tabban. Malamai in an yi musu bayani cikin girmamawa suna ji.

Kaciya za a yi masa, amma a asibiti, a hannun likitan tiyata da ya san da larurar tun kafin ranar. Ina ganin girman wanzamai, su suka yi wa ƙannena, kuma na san abin da zuwa gida da sanyi yake nufi ga uba. Sai dai askar da ta yi wa yara ɗari lafiya lau tana iya barin wannan da jinin da ya ƙi tsayawa da ciwon da ya ƙi haɗewa, a ƙauyen da asibiti ke da nisa. A yi a nan Legas, in ya warke sarai a kai shi gida a yi masa shagalin da sababbin kaya tare da sa'o'insa. Haka ƙaho, tsaga da cire beli, duk kada su taɓa shi.

Yanzu zancen gado. Irin na asalin nan ba kamar sikila yake ba da sai uwa da uba sun haɗu. Kwafi ɗaya ya isa. Kusan rabin masu shi daga uwa ko uba suka ɗauko, sauran rabin kuwa a kansu sauyin ya fara, iyaye lafiya lau. Ku dubi juna ke da maigidan: akwai mai faffaɗan tabbai a ƙwauri da goshi tun na yarinta, ko mai gaɓoɓin da ke gocewa, ko mai ƙaba? In ɗayanku na da shi, kowane ciki rabi da rabi ne. In babu, yiwuwar wannan cikin ya zo da shi ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Shi yaron kuma in Allah ya kai shi aure, kowane ɗa nasa rabi da rabi ne, kuma haƙƙinsa ne ya san haka in ya yi hankali. Auren zumunci ba shi da hannu a wannan iri.

Akwai dai waɗanda yake da hannu a ciki, kuma gara in faɗa miki don kada wani ya ruɗa ki. A ɗayansu ma'aikacin nan mai maƙala ƙugiya a kan laisin ne ba ya aiki, sai ɗaurin damman ya yi rauni. A 1972 aka gano haka, kuma gwajin fitsari na musamman yana nuna shi. Jaririn kan zo jiki a sake, ƙashin baya ya karkace tun da wuri, ido ma ba ƙwari. A wani kuma mai datse bakin igiyar ne ya ɓace, fata ta riƙa yagewa tana reto. Wannan a jikin 'yan maruƙa aka fara ganinsa a Beljiyam, shekaru fiye da 20 kafin a tabbatar da shi a jikin mutum a 1992. Waɗannan su ne masu tafiya kamar sikila, ɗaya cikin huɗu a kowane ciki, kuma sun fi bayyana inda dangi ke auren juna. Bayaninki bai yi kama da su ba.

Irin da nake so likita ya cire daga lissafi da gangan shi ne na hanyoyin jini, inda kolajin mai lamba 3 ke da matsala. A nan ne zancen gilaisin ɗin nan ya fi fitowa: ɗa guda ya sauya a carbin, igiyar ta lalace. Fatar ba ta cika miƙewa ba, siririya ce, amma manyan hanyoyin jini, hanji da mahaifa suna iya fashewa. Ya fi na asalin ƙaranci nesa ba kusa ba. Ki tambayi manya a dangi, tunda danginku ɗaya ne: an taɓa yin matashi da ya faɗi ya rasu ba ciwo, ko wanda hanjinsa ya fashe, ko mace da mahaifarta ta yage wajen haihuwa? Duk amsar da kika samu ki kai wa likita.

A wajen awo ki gaya musu labarin ɗanki da yadda fayarsa ta fashe. In ya zamana ke ce mai larurar, haihuwa a babban asibiti ta zama dole, don ƙari da zubar jini sun fi yawa, ɗinkin ma irin nasa za a yi miki. Ko ba ke ba ce, da kin ga ruwa kafin lokaci ki tafi, kada ki jira naƙuda.

Daga Agege, asibitin koyarwa na jiha da ke Ikeja ya fi miki kusa, sai na Idi-Araba, duka suna da likitocin yara da na fata. Asibitin ƙashi na Igbobi kuma yana da masu tiyatar gyaran fata da masu gashin ƙashi. Ki nemi takardar turawa, ki yi sammako. Za su ja fatar damtsensa su auna, su gwada gaɓoɓinsa da wani ma'auni mai maki 9, su duba cibiya da matsematsi saboda ƙaba, su ɗauki hoton zuciya don ganin babbar hanyar jini da ƙofofin zuciyar. Gwajin ƙwayoyin gado yana tabbatarwa, yana da tsada kuma sau da yawa sai an aika jinin waje, amma kulawar da na lissafa ba ta jiran sa. Masu irin na asali suna girma, su yi karatu, su yi sana'a, su tsufa kamar kowa, kuma yawan tsagewar nan yakan ragu in yaro ya wuce shekarun guje-guje. In kin je, ki sake rubuto mini abin da suka ce.

TAMBAYA

Likita, shekarata 32. Shekara uku ke nan ina shafa wani haɗin mai da wata ke kawo mana gida. Na yi haske, amma yanzu fatata ta yi siriri, jijiyoyi sun fito kore-kore, ga nankarwa manya a damtse da cinya alhali ban taɓa haihuwa ba. Ko ƙusa ta karce ni sai ya yi makonni. Ƙanwata ma haka. Ko gado ne?

Wata 'yar'uwa, Obalende

AMSA

'Yar'uwa, na gode da kika faɗi gaskiya, da yawa ba sa iyawa. Ki tambayi ƙanwarki ko robar mai ɗaya kuke tsoma hannu. Na fi zaton haka ne.

Kin karanta bayanin tufkar da ke sama. Ke umarninki lafiya yake, masu tufkar ne aka sa barci. Yawancin haɗin nan da ke saurin haskakawa akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki, irin su kilobetasol da betametason, magungunan da muke ba masu cutar fata na 'yan makonni a ɗan wuri kaɗan. In aka shafa su duk jiki wata da watanni, ƙwayoyin nan masu yin kolajin sai su rage aiki, mai lamba 1 da mai lamba 3 duka su yi ƙasa. Tsohon yana ƙarewa, sabo ba ya zuwa. Hawan ƙasa ya yi siriri har jijiyoyi su nuna, inda fata ta ɗan ja sai saƙar ta dare daga ciki, nankarwar ke nan. Ciwo ma ba ya haɗewa don da kolajin ake cike shi. Hukumar NAFDAC ta daɗe tana jan kunne a kan irin waɗannan mayuka.

Kada ki yar da robar yau ki daina kwatsam. Maganin yana ratsa fata ya shiga jini, kuma bayan shekara uku jikinki yana iya rage yin nasa sinadarin da ke daidaita hawan jini da ƙarfin jiki, in aka yanke lokaci ɗaya mutum kan galabaita, fuska kuma ta yi ja ta feso da ƙuraje. Ki ɗauki robar da kanta ki kai wa likitan fata, ke da ƙanwarki, a tsara muku yadda za ku rage a hankali, a auna muku hawan jini da suga. Kaurin fata yakan dawo sannu a hankali cikin watanni. Nankarwar za ta dusashe amma ba ta ɓacewa gaba ɗaya, kada wani ya sayar miki da man goge ta. Launinki na asali zai dawo, wataƙila da ɗan duhu-duhu a wasu wurare na ɗan lokaci, ki riƙa kare fuskarki daga rana. In kuma aka ce za a yi miki tiyata ko wace iri, ko ta haihuwa ce nan gaba, ki gaya wa likitan tun kafin ranar cewa kin shekara uku kina shafa wannan man.